Hannu da Mariƙi: Tarihin Daidaita Ƙaramar Bindiga da Hannun Mai Riƙe Ta, 1836–2017

1.0 Gabatarwa

Kafin ma'aunan Turawa su yaɗu a ƙasar Hausa, Bahaushe da jikinsa yake awo. Yana auna gajeren abu da taƙi, ƙyalle da kamu, igiya ko zurfin rijiya kuwa da gaba. Kuma kowa ya san taƙin wani ba ya zama daidai da na wani. Masu sana'ar hannu sun riƙe wannan sani da kyau. Ƙotar fartanyar da masassaƙi zai yi wa yaro ba irinta zai yi wa ƙato ba, domin yana ganin hannun mai kaya kafin ya ɗora gizago a kan ice.

Masana'antar zamani ba ta da wannan dama. Tana ƙera abu dubu ɗari a kan siffa ɗaya, saboda haka tilas ne ta ƙaddara wani hannu guda a zuci, ta ce shi ne hannun kowa. Wannan maƙala za ta bi tarihin wannan ƙaddarawa a kan makami ɗaya, watau ƙaramar bindigar da ake ba sojoji da 'yan sanda a Amurka da Turai, daga 1836 zuwa 2017. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, duk lokacin da aka buɗe ƙofar aikin ɗamara ga wasu mutane sababbi, sai ta bayyana cewa hannun kowan nan hannun wasu ne kawai. Kuma kafin hukuma ta yarda ta gyara makamin, takan daɗe tana ɗora laifi a kan mai riƙe shi. Al'amarin ba ƙarami ba ne, domin wanda ɗan yatsansa bai kai kunama sosai ba yakan faɗi jarrabawar harbi ya rasa aikinsa, ko kuwa ranar tsanani ya kuskure wanda ya nufa ya sami wanda bai ji ba bai gani ba.

2.0 Sassan da Hannu ke Sarrafawa

Yawancin kalmomin wannan fage na aro ne. Bindiga da harsashi da albarushi daga Larabci suka zo, libarba da fistol kuwa daga Ingilishi. Amma kunama ta gida ce, kuma ga alama lanƙwasar ƙarfen ce ta tuna wa maharba wutsiyar kunama. Libarba ita ce mai 'yar ganga da ke juyawa, wadda ke ɗauke da harsashi biyar ko shida. Fistol ita ce wadda gidan harsashinta ke cikin mariƙi, tana da murfi a sama mai zamewa baya da gaba, shi ke fitar da kwanso ya ɗora sabon harsashi.

Ban da mariƙi da kunama, akwai wasu sassa huɗu da za a riƙa ambata. Akwai 'yar guduma mai bugun gindin harsashi, da sakata wadda ke hana bindiga tashi sai an zare ta, da maɓallin fitar da gidan harsashi, da maɓallin sakin murfi. Duk huɗun babban yatsa ne ke aikinsu.

Awon da ya fi kowanne muhimmanci shi ne tazarar da ke tsakanin bayan mariƙi, inda yake zama a lungun babban yatsa da manuniya, da fuskar kunama. A yawancin bindigogin aiki tazarar nan wajen santimita 7 ce. In ta fi ƙarfin hannu, sai mai harbi ya murɗa tafinsa gefe domin ya kai. Da ya yi haka, bindiga ta bar layin sangalin hannunsa, tokarin da take yi baya ya faɗa a kan gaɓar babban yatsa, harsashi kuma ya kauce. Awon jikin sojojin Amurka da aka yi a 1988 ya nuna matsakaicin tsawon hannun namiji kimanin santimita 19.4 ne, na mace kimanin 18, faɗin tafi kuwa kimanin 9 da kimanin 8. Bambancin ɗan kaɗan ne a ido, amma a kan tazarar santimita 7 shi ne bambancin kaiwa da kasawa.

3.0 Zamanin Libarba

A 1836 Samuel Colt ya sami takardar mallakar fasahar libarbarsa a Amurka, a 1855 kuma ya buɗe babbar masana'antarsa a birnin Hartford, inda injuna ke yanke sassa masu kama da juna. Daga nan bindiga ta fita daga hannun maƙerin da ya san mai saye.

Duk da haka matsalar ba ta yi tsanani a wannan zamani ba, saboda dalilai biyu. Na farko, mariƙin libarba ba ya ɗauke da harsashi, katako ne aka liƙa a jikin siririn ƙarfe, kowa na iya fere shi ko ya sauya shi. Na biyu, a libarbobin farko babban yatsa ne ke ɗana guduma, aikin kunama kawai ta sake ta, don haka tana zaune can baya kusa da hannu, kuma ja kaɗan take bukata.

Maƙeran sun san sarai cewa girman hannu shi ke mulkin makami. 'Yar libarbar aljihu da Colt ya fitar a 1849 an sayar da fiye da 300,000 daga cikinta. Kamfanin Smith & Wesson ya fitar da wata a 1887 mai sakata a bayan mariƙi da kunama mai nauyi, kuma labarin da ya shahara shi ne an yi ta haka ne domin kada hannun ƙaramin yaro ya iya tayar da ita. A 1902 kamfanin ya fitar da wata 'yar mitsitsiya mai harsashi bakwai, wadda aka sani da Ladysmith. Ke nan farar hula mai kuɗinsa yana da zaɓi tun farko. Wanda ba shi da zaɓi shi ne soja da ɗan sanda, domin abin da aka ba shi daga sito shi zai ɗauka.

4.0 Gyaran 1924

A yaƙin da Amurka ta yi a tsibiran Filifin a farkon ƙarni na 20, sojojinta sun koka cewa harsashin libarbarsu ba ya tsayar da mayaƙan Moro. Wannan ya sa aka nemi bindiga mai babban harsashi. A ranar 29 ga Maris 1911 rundunar sojan ƙasa ta karɓi fistol ɗin da John Moses Browning ya tsara, bayan ta harba harsashi 6,000 a gwaji ba tare da ta cije ba. Ita ce M1911, mai harsashi 7 a jere ɗaya, da sakata biyu, ɗaya ta babban yatsa, ɗaya a bayan mariƙi.

Waɗanda suka gwada ta ƙwararrun sojoji ne, da yawansu mahaya dawaki, a cikin rundunar da yawanta bai kai 130,000 ba. Amma a watan Afrilun 1917 Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Farko, kuma kafin ya ƙare an ɗebi mutum wajen miliyan 2.8 aikin soja na tilas: manoma da akawuna da leburori da 'ya'yan baƙin haure daga sassa daban-daban na Turai. Bindigar da aka auna da hannun 'yan tsiraru ta faɗa hannun kowa da kowa, sai ƙorafi ya biyo baya. Wasu ba sa kai kunama sosai, wasu harbinsu na faɗawa ƙasa, wasu kuma guduma na mintsinar musu fata.

A 1924 aka amince da gyare-gyare, a 1926 kuma aka raɗa wa sabuwar siffar suna M1911A1. An gajarta kunama, watau an mayar da fuskarta baya. An rarake jikin ƙarfen da ke bayan kunama ta kowane gefe domin manuniya ta sami hanya. An yi wa ƙasan bayan mariƙi ɗan doro domin bakin bindiga ya ɗaga. An tsawaita leɓen sakatar baya domin ya kare fata daga guduma, an kuma faɗaɗa abin saiti na gaba. Babu ɗaya daga cikin gyare-gyaren nan da ya taɓa cikin bindigar. Dukkansu a wurin da ƙarfe ke haɗuwa da mutum aka yi su. A wannan siffa aka ƙera wajen miliyan 1.9 a Yaƙin Duniya na Biyu, kuma kaso mafi girma ya fito ne daga Remington Rand, kamfanin ƙera tafireta.

Abin lura a nan shi ne irin maganin da aka zaɓa. Ba a ce hannuwa iri-iri ne ba, don haka a yi mariƙi iri-iri. An dai rage girman hannun nan guda da aka ƙaddara a zuci, aka ci gaba da cewa shi ne na kowa.

5.0 Yadda Mariƙi ya Ƙara Kauri

Bayan haka sai fasaha ta ja al'amarin baya ta hanyoyi biyu. Hanya ta farko ita ce kunama mai aiki biyu, wadda ke ɗana guduma sa'an nan ta sake ta a ja ɗaya. Libarbobi sun daɗe da ita, amma kamfanin Walther na Jamus ne ya yaɗa ta a fistol da samfurin PP na 1929. Amfaninta shi ne ana iya ɗaukar bindiga da harsashi a ɗore, guduma a kwance. Illarta ita ce kunamar tana zama can gaba, kuma jan farko yana bukatar ƙarfin kilo 5 ko fiye, maimakon wajen kilo 2.

Hanya ta biyu ita ce jera harsashi sahu biyu a cikin mariƙi. Browning ya rasu a Beljiyam a 1926, Dieudonné Saive na kamfanin FN ya ƙarasa aikin da ya bari, aka fitar da Hi-Power a 1935 mai harsashi 13. Sojojin ƙasashe fiye da 50 sun yi amfani da ita. Saive ya yi ƙoƙari ƙwarai wajen tsuke mariƙinta, amma waɗanda suka bi hanyar da ya buɗe sun yi ta ƙara harsashi, mariƙi kuma yana ta kumbura.

Ana cikin haka wani bincike ya fito wanda ya kamata ya farkar da kowa. A 1950 rundunar sojan saman Amurka ta auna jikin matuƙan jirage 4,063. Wani matashin jami'i, Gilbert Daniels, ya ɗauki awo goma, kamar tsawo da kewayen ƙirji da tsawon hannun riga, ya nemi sanin matuƙa nawa ne suka faɗa tsakiya a duk goman. A rahotonsa na 1952 ya nuna ko ɗaya babu. Watau matsakaicin mutum a lissafi kawai yake, ba a taɓa haihuwarsa ba. Masu ƙera jirage suka koma yin kujeru da matakan ƙafa masu matsawa. Masu ƙera ƙaramar bindiga kuwa sai da suka ƙara shekara arba'in da 'yan kai kafin su bi sahu.

Maimakon haka, a watan Janairun 1985 Amurka ta maye gurbin tsohuwar bindigarta da Beretta 92F ta Italiya, wadda ta kira M9. Ta haɗa abubuwan nan biyu, kunama mai aiki biyu da harsashi 15 sahu biyu, ga kuma sakata can sama a jikin murfi, inda gajeren babban yatsa ba ya kaiwa sai an sassauta riƙo. Bindiga ce mai aminci, amma babban hannu take so.

6.0 Shigowar Mata

Wannan kuwa ya zo ne daidai lokacin da hannuwan da ke aikin ɗamara suke sauyawa. A 1972 majalisar Amurka ta faɗaɗa dokar hana wariya wajen ɗaukar aiki ta haɗa da gwamnatocin jihohi da na birane, kuma a watan Yulin shekarar hukumar binciken manyan laifuka ta FBI ta fara horar da mata a matsayin cikakkun jami'ai. A 1976 makarantar hafsoshi ta West Point ta karɓi mata. A 1977 Kotun Ƙoli, a shari'ar Dothard da Rawlinson, ta soke sharaɗin tsawo da nauyi da jihar Alabama ta gindaya wa masu neman aikin gandiroba, saboda yana tankaɗe mata ba tare da an nuna aikin na bukatarsa ba. A Ingila ma an yi dokar hana wariyar jinsi a 1975.

Da sharuɗɗan tsawo suka faɗi, mata da gajerun maza suka shigo, amma makamin da ke sito bai sauya ba. Idan ɗaliba ta kasa cin jarrabawar harbi, abin da ya fi sauƙi ga malami shi ne ya ce ba ta da ƙarfi ko ba ta da zuciya. Wannan shi ne a bar jaki a doki taiki.

Tarihin FBI ya nuna yadda bukatu biyu ke karo. A ranar 11 ga Afrilun 1986, a wani artabu da 'yan fashi biyu a Mayami, an kashe jami'anta biyu aka raunata biyar. Hukumar ta ga harsashinta ne bai isa ba, ta koma ga babban harsashi mai milimita 10 da bindigar Smith & Wesson 1076. Harsashin dogo ne, saboda haka mariƙin ma ya yi faɗi daga gaba zuwa baya, ga bindigar da nauyi. An rage albarushin domin jami'ai su iya sarrafa ta, sa'an nan a 1990 kamfanonin Smith & Wesson da Winchester suka fitar da gajeren harsashi mai irin wannan ƙarfi da aka rage, wanda ke shiga ƙaramin mariƙi. Bindigar 1076, wadda ta zo da wasu matsalolin ƙira kuma, ba ta yi nisan kwana a hukumar ba. A 1997 aka koma Glock, a 2016 kuma aka dawo harsashi mai milimita 9, bisa hujjar cewa jami'ai sun fi samun bara da shi.

Har kotu maganar ta kai a Ingila. A 2014 wata kotun ma'aikata a Landan ta ba wasu 'yan sanda mata biyu gaskiya a kan rundunar da ke gadin tashoshin nukiliya. Cikin ƙorafinsu akwai cewa mariƙin Glock 17 da aka ba su ya fi ƙarfin hannunsu, ba sa kai kunama yadda ya kamata, alhali ci gaba da aikinsu ya rataya ne a kan jarrabawar harbi. Kotun ta ɗauki wannan a matsayin wariya ta bayan fage.

7.0 Daga Maƙerin Gyara zuwa Mariƙi Mai Sauyawa

Tun kafin hukumomi su motsa, masu gasar harbi sun riga sun koma wurin maƙera. Daga shekarun 1950 a Kalifoniya, a gasannin da Jeff Cooper ya assasa, maƙeran gyara suka shiga yi wa M1911 kwaskwarima: sakata mai faɗi, maɓallai masu tsawo, siraran katakan mariƙi, kunama gajera ko doguwa gwargwadon yatsan mai ita. Armand Swenson ya yi suna da sakata mai fuska biyu, wadda bahago ma ke iya zarewa. Da yawa daga abubuwan nan daga baya masana'antu suka ɗauka.

Amma kowane gyara da farashinsa. Dogon maɓallin gidan harsashi yana iya dannuwa a kube, gidan ya faɗo ba a sani ba. Faffaɗar sakata tana iya zarewa in ta gogi tufafi. Kunamar da aka rage wa nauyi fiye da kima tana iya tashi a hannun wanda ya firgita. Saboda haka rundunoni da yawa suka hana jami'ansu taɓa bindigar aiki, kuma hanin yana da hujja. Sai dai ya bar mai ƙaramin hannu a tsaka mai wuya, domin ba a ba shi abin da ya dace da shi ba, kuma an hana shi gyara wanda aka ba shi.

Roba ce ta warware ƙullin. A 1982 sojojin Ostiriya suka zaɓi bindigar Gaston Glock, mai jikin roba, marar sakatar babban yatsa. Da farko ba ta taimaki ƙaramin hannu sosai ba, domin mariƙinta zubi ɗaya ne, babu katakon da za a cire. Amma zuba roba ya fi yanke ƙarfe arha nesa ba kusa ba, don haka yin siffa uku maimakon ɗaya ya daina zama asara. A 1997 Walther P99 ta fito da bayan mariƙi mai cirewa, girma daban-daban. Smith & Wesson ta bi a 2005. A 2006 P30 ta Heckler & Koch ta zo da baya iri uku da gefe iri uku ta kowane ɓangare, watau haɗi 27. Glock ma ta shigo a 2010. Daga ƙarshe, a ranar 19 ga Janairun 2017 rundunar sojan ƙasa ta Amurka ta zaɓi P320 ta kamfanin SIG Sauer ta gaji M9. A wannan ƙira, zuciyar bindigar wani ɗan ƙarfe ne da ake zarewa a sa shi cikin mariƙi ƙarami ko matsakaici ko babba. Shekara 93 ke nan bayan gyaran 1924.

8.0 Kammalawa

An ga cewa sau biyu jama'ar da ke riƙe ƙaramar bindiga ta sauya, a 1917 da kuma daga 1972, kuma sau biyun makamin ya biyo baya a makare. A karo na farko an rage awo ɗaya da ake da shi. A karo na biyu, bayan shari'u da asarar ayyuka, an yarda cewa awo ɗaya ba ya isa. An kuma ga cewa sanin matsalar bai wadatar ba, domin Daniels ya bayyana ta tun 1952. Sai da doka ta matsa, roba kuma ta sauƙaƙa kuɗin, sa'an nan aka koma ga ƙa'idar da masassaƙin ƙota bai taɓa bari ba.

Tambayar ta shafi ƙasashenmu, waɗanda ke sayen yawancin makamansu daga waje, an auna su da hannun wasu al'ummu. 'Yan sandan Nijeriya sun fara ɗaukar mata a 1955, makarantar hafsoshi ta Kaduna kuma ta karɓi mata a sahun hafsoshin yaƙi a 2011. Ya kamata masu sayen makamai da masu horarwa, kafin su yanke hukunci a kan ɗalibin da ya kasa samun bara, su fara duba inda manuniyarsa ta tsaya a kan kunama. Masana harshe ma suna da nasu aikin, domin kalmomin sakata da murfi da guduma da aka yi amfani da su a nan shawara ce kawai, kuma kurtun da ba shi da sunan abin da ke damun hannunsa a harshensa, da wuya ya iya kai ƙara a kansa.